Farfagandar Koriya ta Arewa ga Mutanen Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da bidiyon faretin soja ko na harba makami mai linzami daga Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, ya zagaya wayoyin mutane, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ɗalibai, 'yan jarida da masu bibiyar labaran duniya. Su muka tattara a nan. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Me ya raba farfagandar da ake yi wa mutanen waje da ta cikin gida?

Gwamnatin Koriya ta Arewa da baki biyu take magana. Na farko na 'yan ƙasa ne: jaridar jam'iyya mai suna Rodong Sinmun, gidan talabijin na gwamnati, rediyon da aka ɗaure masa tasha tun daga masana'anta, da allunan kirari a tituna da wuraren aiki. Na biyu na duniya ne. Talakan ƙasar ba ya shiga intanet. Abin da wasu ke samu shi ne Kwangmyong, hanyar sadarwa ta cikin gida wadda ba ta haɗe da waje. Saboda haka duk shafin Koriya ta Arewa da ka buɗe a wayarka, dominka aka yi shi, mafi yawan 'yan ƙasar ba su taɓa ganinsa ba.

Saƙon ma ya bambanta. A gida ana nanata tsarkin al'ummar Koriya da bashin da kowa ke ɗauke da shi na gidan Kim, zuri'ar da ke mulkin ƙasar. A waje kuwa an fi jin maganar 'yancin kai, adawa da mulkin mallaka da haƙƙin kare kai. Amma bakin biyu suna haɗuwa a wani wuri, kuma nan ne zuciyar lamarin. Duba tambaya ta 5.

2. Su wa ke gudanar da aikin, kuma ta waɗanne kafafe?

Jagorancin yana hannun Sashen Farfaganda da Zaburarwa na Jam'iyyar Ma'aikata. Kim Ki Nam, wanda ya rasu a watan Mayun 2024, ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da shi, kuma Kim Yo Jong, ƙanwar shugaba Kim Jong Un, ta yi aiki a manyan muƙamansa. Babbar ƙofar fita ita ce kamfanin dillancin labarai na KCNA, wanda aka kafa a 1946, yana fitar da labarai da Koriyanci, Ingilishi, Sifaniyanci, Rashanci, Sinanci da Jafananci.

Sai Muryar Koriya, wadda har zuwa 2001 ake kira Rediyo Pyongyang. Tana watsa shirye-shirye a gajeren zango da harsunan da suka haɗa da Ingilishi, Faransanci, Larabci, Jamusanci, Sifaniyanci da Rashanci. Ba ta da sashen Hausa, saɓanin rediyon Sin da na Iran, shi ya sa saƙonta ke iso wa mai jin Hausa ta hannun wasu. Akwai kuma Maɗaba'ar Harsunan Waje, mai buga mujallu masu ƙyalli da fassarar jawaban shugabanni, da jaridar Pyongyang Times da aka fara bugawa a 1965, da shafin Naenara, wato "ƙasata". A Tokyo, ƙungiyar Chongryon ta Koriyawa mazauna Jafan, wadda aka kafa a 1955, tana buga Choson Sinbo, jaridar da sau da yawa ke faɗin abin da Pyongyang ba ta son faɗa da bakinta.

3. Me ake so mu ɗauka daga duk wannan?

Cewa ƙasar an zalunce ta, kuma Amurka ce azzalumar. Cewa yanzu ta yi ƙarfin da babu mai taɓa ta, bayan gwajin nukiliya sau shida tsakanin 2006 da 2017. Cewa mutanenta suna cikin wadata da kwanciyar hankali duk da takunkumi. Sannan cewa duniya na girmama shugabanta. Saƙo na biyu da na uku ne suka fi yawo a wayoyi, amma na huɗu ma ana kashe masa kuɗi sosai.

4. Ke nan duk abin da suke faɗa ƙarya ne?

A'a, kuma wanda ya ɗauka haka zai kasa gane dalilin da ya sa maganar ke shiga kunnen mutane. A yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, jiragen Amurka sun zuba kimanin tan 635,000 na bama-bamai, mafi yawansu a Arewa, har da fiye da tan 32,000 na sinadarin napam mai ƙona jiki. Birane da dama sun zama kufai. Wannan ya faru, kuma babu gidan da bai ɗanɗana ba. Gaskiya ne kuma sojojin Amurka na nan a Koriya ta Kudu har yau, suna atisaye duk shekara.

Dabarar ita ce a ɗauki gaskiyar a gina ƙarya a kanta. Pyongyang na cewa Amurka da Kudu ne suka fara yaƙin, alhali dakarun Arewa ne suka tsallaka iyaka a ranar 25 ga Yuni, 1950, kuma takardun Tarayyar Sobiyat da aka buɗe bayan rushewarta sun nuna Kim Il Sung, shugaban Arewa na farko kuma kakan Kim Jong Un, ya nemi amincewar shugaban Sobiyat Stalin kafin haka. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta 27 ga Yuli, 1953, wadda ta bar iyakar kusan inda take, ana bikinta a matsayin ranar nasara. Yunwar da ta hallaka ɗaruruwan dubban mutane a tsakiyar shekarun 1990 kuwa, ambaliya da takunkumi kaɗai ake ɗora wa, ba a ambaton tsarin rabon abinci da ya durƙushe.

5. Me ya sa suke wahala a kan baƙin da ba su da wani tasiri a ƙasashensu?

Domin ba ƙasashensu ake nufi ba. Hausawa na cewa yabon kai jahilci, kuma gwamnatin Pyongyang ta san cewa in ita kaɗai ke yabon kanta, wata rana 'yan ƙasa za su gaji da ji. Tana bukatar baƙo ya faɗa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970, ta riƙa sayen shafuka sukutum a manyan jaridun Yamma kamar New York Times tana buga jawaban Kim Il Sung a matsayin talla. Ba'amurke ya wuce shafin ko kallo bai yi ba. A gida kuwa sai a ba da labari kamar jaridar ce da kanta ta ga ya dace ta buga.

Haka abin yake da ƙungiyoyin nazarin Juche, aƙidar dogaro da kai da ake danganta wa Kim Il Sung. Ta farko a Mali aka kafa ta a 1969, sannan aka buɗe cibiya ta duniya a Tokyo a 1978. Da yawansu ba su wuce mutum goma ko ashirin ba. Ofishin jakadanci zai ba su littattafai kyauta, ya gayyace su kallon fim ranar haihuwar shugaba, wani lokaci ya biya wa shugabansu kuɗin jirgi da masauki zuwa Pyongyang. Su kuma su aika saƙon taya murna. Washegari KCNA ta ba da labarin cewa al'ummar ƙasa kaza sun yi biki.

Wanda ya shiga ƙofar Hasumiyar Juche, mai tsawon mita 170, da aka gina a 1982 don cikar Kim Il Sung shekara 70, zai tarar da bango cike da ƙananan allunan dutse, kowanne da sunan wata ƙungiya daga Afirka, Asiya, Turai ko Latin Amurka. A Dutsen Myohyang kuma akwai gidan baje kolin kyaututtukan da baƙi suka kai wa shugabannin, wanda aka buɗe a 1978. Ana kai 'yan makaranta da ma'aikata su bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Kyautar da shugaban wata ƙasa ya bayar bisa al'adar diflomasiyya, a can ta koma shaidar mubaya'a.

6. Ina Afirka ta shigo?

Ta shigo tun da wuri. A zamanin yaƙin cacar baki, Arewa da Kudu na gasar samun ƙuri'u a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sababbin ƙasashen Afirka na da ƙuri'u masu yawa. Pyongyang ta tura masu horar da soja, likitoci da malaman gona, tare da tarin littattafai. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita a 1976, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Har yanzu KCNA na ambaton ƙungiyoyin Juche da na abota daga Nijeriya, Uganda da Kwango a lokutan bukukuwa, bisa tsarin da aka bayyana a tambaya ta 5.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne gumaka da gine-ginen tarihi. Kamfanin Mansudae na gwamnatin Koriya ta Arewa ne ya gina dogon mutum-mutumin tagulla na Farfaɗowar Afirka da aka buɗe a Dakar a 2010, da filin tunawa da gwaraza na Namibiya a 2002, da mutum-mutumin sarakuna uku a Gaborone a 2005, da na Samora Machel a Maputo. Wannan ciniki ne da talla a haɗe. Kwamitin Sulhu ya haramta sayen gumakan da ƙuduri mai lamba 2321 a 2016, sannan ya sa reshen kamfanin na waje cikin takunkumi a 2017.

Akwai kuma batun Falasɗinu, wanda ke sa masu karatu da yawa a wajenmu su ji ƙasar a ransu. Gaskiya ne ba ta amince da Isra'ila ba, ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, kuma matuƙan jiragenta sun taimaka wa Masar a yaƙin 1973. Amma matsayin gwamnati a kan zaluncin da ake yi a nesa ba ya gaya maka yadda take riƙe da nata mutanen. Duba tambaya ta 8 da ta 9.

7. Masu yawon buɗe ido sun je sun dawo da hotuna masu kyau. Ba gani ya kori ji ba?

Ya dogara da wanda ya zaɓa maka abin da za ka gani. Baƙo ba ya shiga sai ta kamfanin da gwamnati ta yarda da shi, da jadawalin da aka tsara tun kafin ya taso. Daga filin jirgi 'yan rakiya biyu ne za su karɓe shi tare da direba, kuma su biyun kowa na lura da ɗan'uwansa. Ba a fita daga otal ba tare da su ba. A Tudun Mansu da ke Pyongyang za a jera baƙi, a ajiye furanni, a rusuna gaban gumakan Kim Il Sung da ɗansa Kim Jong Il, mahaifin Kim Jong Un. Wanda zai ɗauki hoto dole ya ɗauko gunkin gaba ɗaya, ba a yanke kai ko ƙafa. Jaridar da ke da hoton shugaba ba a naɗe ta a kan fuskarsa, ba a jefa ta a shara. Hoton soja, wurin gini ko wani abu mai nuna talauci, za a ce ka goge.

Abin da ake nunawa ba na bogi ba ne: jirgin ƙarƙashin ƙasa na aiki, dogayen benayen na nan. Sai dai Pyongyang birni ne da ba kowa ke da izinin zama a cikinsa ba, kuma ɗan ƙasa na bukatar takardar izini kafin ya yi tafiya tsakanin larduna. Wanda ya auna ƙasar da babban birninta, kallon kitse yake yi wa rogo. Wasan dandazo na filin wasa na Ranar Ma'aikata, inda dubban yara ke juya alluna masu launi su haɗa hoto guda, ya shiga kundin bajinta na Guinness a 2007 da mahalarta fiye da 100,000. Mai kallo na ganin awa ɗaya da rabi, ba ya ganin watannin da yaran suka yi suna atisaye.

'Yan jarida ma haka ake yi musu. A Mayun 2018 an gayyaci wasu su kalli rusa ramukan gwajin nukiliya na Punggye-ri, amma ba a gayyaci ƙwararrun da za su iya tantance ko ramukan sun lalace har ciki ba.

8. An ce akwai 'yancin addini, har da coci-coci. Masallaci fa?

Kundin tsarin mulkin ƙasar ya ambaci 'yancin addini, kuma a Pyongyang akwai 'yan coci-coci da gwamnati ke kula da su, biyu daga ciki an buɗe su a 1988, gab da taron matasa na duniya da birnin ya karɓa a 1989. Nan ake kai baƙi. Masallacin da aka sani yana cikin harabar ofishin jakadancin Iran, jami'an diflomasiyya da sauran baƙi ne ke salla a ciki. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin alƙali Michael Kirby, a rahotonsa na Fabrairun 2014, ya samu cewa ana hukunta mutanen da aka kama suna ibada a ɓoye, kuma ana tsare da dubun-dubatar mutane a sansanonin fursunonin siyasa.

9. Yaya suke yi da masu suka da waɗanda suka gudu daga ƙasar?

Ba a cika amsa zargin ba, mai zargin ake kai wa hari. Bayan rahoton 2014, an fitar da bidiyoyin 'yan'uwan waɗanda suka ba da shaida suna kiransu maƙaryata da masu laifi. An nuna mahaifin Shin Dong-hyuk, ɗaya daga cikin sanannun shaidu, kuma a Janairun 2015 Shin ya amsa cewa ya canza wasu wurare da lokuta a labarinsa. Pyongyang ta ce rahoton duka ya rushe, alhali kwamitin ya saurari shaidu fiye da 80 a bainar jama'a da wasu fiye da 240 a asirce.

Baƙin da aka kama kuma ana sa su iƙirari gaban kyamara. A Janairun 1968 an kama jirgin ruwan leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo da mutum 83, ɗaya ya mutu, sauran suka yi wata goma sha ɗaya a tsare. A hotunan da aka ɗauka don nuna suna cikin jin daɗi, wasunsu sun riƙa miƙa ɗan yatsan tsakiya, alamar zagi a wajensu, suka ce wa masu gadi alamar sa'a ce. Da aka gano, sun sha dukan kawo wuƙa. Jirgin na nan a Pyongyang ana kai baƙi. Ɗalibi Ba'amurke Otto Warmbier ya karanta nasa iƙirarin yana kuka a Fabrairun 2016, aka yanke masa shekara 15, aka mayar da shi gida a sume a Yunin 2017, ya rasu bayan kwanaki.

10. Bidiyoyin 'yan mata da yara masu nuna rayuwar yau da kullum a YouTube fa?

Sabon salo ne da ya yi ƙarfi daga wajen 2020. An bar muryar mai shela, an koma wa yarinya mai fara'a tana shan askirim, tana zaga kanti cike da kaya, tana magana da Ingilishi mai kyau. Tashoshin da aka fi sani su ne na Un A, Yu Mi da wata ƙaramar yarinya Song A. A 2023 Koriya ta Kudu ta toshe wasu daga cikinsu, YouTube kuma ya rufe su, sai dai bidiyoyin na ci gaba da yawo a TikTok da Facebook ta hannun masu kwafa. Tambaya ɗaya ta isa a nan: a ƙasar da talaka ba shi da intanet, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 1, wa ya ba ta damar ɗora bidiyo?

11. Me ya sa wasu shafukan suka ɓace a 2024?

A ƙarshen Disambar 2023 Kim Jong Un ya ayyana cewa Arewa da Kudu ƙasashe biyu ne masu gaba, ya yi watsi da manufar haɗewa da kakansa da mahaifinsa suka riƙe. Cikin Janairun 2024 shafukan da ke yi wa Kudu magana, irin su Uriminzokkiri, suka mutu, rediyon da ke watsa mata shiri ya yi shiru. Daga Mayun shekarar aka koma tura balan-balan ɗauke da shara. A bakin iyaka, ƙauyen Kijong-dong da aka gina a shekarun 1950 don a hango shi daga Kudu yana nan da sandar tutarsa mai mita 160.

12. In na ga wata barazana daga Pyongyang, yaya zan auna nauyinta?

Fara da duba wanda ya sa hannu. Sanarwa da sunan gwamnati ko shugaba da kansa ta fi nauyi, kuma ba a cika yin ta ba, kamar wadda Kim Jong Un ya fitar a Satumbar 2017 yana mayar wa Donald Trump martani. Ƙasa da ita akwai sanarwar ma'aikatar harkokin waje, sai ta kakakinta, sai amsar da kakaki ya ba wakilin KCNA, sai sharhin da wani mutum ya sa wa suna. Na ƙarshen nan an yi shi ne yadda za a iya janyewa ba tare da jin kunya ba.

Sannan duba inda aka buga. In KCNA ta fitar amma Rodong Sinmun ba ta ɗauka ba, saƙon na waje ne, an bar ƙofa a buɗe. In ya fito a jaridar jam'iyya, an sanar da 'yan ƙasa, komawa baya ya yi wuya. Na uku, nemi kalmar "idan". Yawancin barazanar na da sharaɗi: idan aka kawo mana hari, idan aka keta iyakarmu. Kanun labarai kan yanke sharaɗin su bar wutar. Maganar mayar da Seoul, babban birnin Kudu, "tekun wuta" tun 1994 ake yin ta. Na ƙarshe, duba kalanda, domin zafin harshe na ƙaruwa lokacin atisayen Amurka da Kudu a wajen Maris da Agusta.

13. Hotuna da bidiyon makamai fa, ana iya dogara da su?

Makaman na gaske ne, kuma na'urorin Jafan da Kudu na bin tafiyarsu. Hoton ne ke bukatar bincike. A Maris 2013 kamfanin AFP ya janye wani hoton atisayen jiragen ruwa da KCNA ta raba bayan an ga an kwafi wasu jiragen an liƙa don su yi yawa. A Maris 2022 an fitar da bidiyo mai kama da fim, Kim Jong Un da baƙin tabarau da rigar fata yana duba agogo, ana cewa an harba sabon makami mai linzami Hwasong-17. Sojojin Kudu suka ce inuwa da yanayin sama a bidiyon sun fi dacewa da wani gwaji da ya tarwatse kwanaki takwas kafin nan, kuma wanda ya tashi ranar tsohon samfuri ne. Bayan kashe Jang Song Thaek, mijin gwaggon Kim, a Disambar 2013, an goge shi daga fina-finan tarihi, an share tarin tsofaffin labarai daga shafin KCNA. Abubuwan dubawa su ne tsawon inuwa da inda ta fuskanta, abu iri ɗaya da ya maimaitu, da ko wata majiya ta daban ta tabbatar da rana da wurin.

14. To labaran da ake bayarwa a kan ƙasar daga waje, duk gaskiya ne?

Ba duka ba. Rufaffiyar ƙasa ƙanzon kurege ke yawa a kanta, domin babu mai zuwa ya duba. A 2013 wata jaridar Kudu ta ce an harbe mawaƙiya Hyon Song Wol, sai ga ta a talabijin a 2014, har ta jagoranci tawaga zuwa Kudu a 2018. A Afrilun 2020 duniya ta ɗauka Kim Jong Un ya mutu, sai ya fito ranar 1 ga Mayu yana buɗe masana'antar taki. Kowane irin wannan labari riba ne ga Pyongyang, tana amfani da shi ta ce sauran ma haka suke. Abin da ya dace a dogara da shi shi ne wanda shaidu da yawa da ba su san juna ba suka faɗa, hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka goyi baya, irin wanda aka ambata a tambaya ta 8 da ta 9.

15. Wannan farfaganda ta taɓa cutar da wani a waje da gaske?

Ta cutar. Bayan yaƙin duniya na biyu, ɗaruruwan dubban Koriyawa sun rage a Jafan cikin talauci da wariya, ba aikin kirki, ba takardar zama ɗan ƙasa. Chongryon ta riƙa shiga makarantu da unguwanninsu da mujallu da hotuna, tana cewa Arewa aljannar duniya ce: gida kyauta, asibiti kyauta, karatu kyauta, aiki ga kowa. Gwamnatin Jafan, wadda ke son rabuwa da su, ta ba da haɗin kai, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta shiga tsakani. Jirgin farko ya tashi daga Niigata zuwa Chongjin a Disambar 1959.

Daga lokacin zuwa 1984, kimanin mutum 93,000 ne suka tafi, mafi yawansu asalinsu 'yan Kudu ne da ba su taɓa taka Arewa ba, tare da mata Jafanawa kusan 1,800 da suka bi mazajensu bisa alƙawarin za su riƙa zuwa ganin gida. Waɗanda suka samu kuɓuta daga baya sun ce tun daga tashar jirgi, da suka ga tufafi da fuskokin masu tarbarsu, jikinsu ya yi sanyi. An sa su a ƙasan tsarin rabon matsayi na ƙasar saboda sun fito daga ƙasar abokan gaba, an tura da yawa ma'adinai da gonaki, wasu suka ƙare a sansanoni. Wasiƙun da suka riƙa aika wa 'yan'uwa a Jafan, waɗanda ake karantawa kafin su fita, na buɗewa da godiya ga shugaba, sannan a ƙasa su roƙi a aiko musu da magani, sabulu, agogon hannu da tsofaffin tufafi.